Na'urar lantarki ta ciwon baya: taimako ce ko cin kuɗin mutane?

Maman Hafsa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema a kan tsohuwarmu. Ta daɗe tana fama da ciwon baya, daga ƙugu yake kama ta ya gangara har cinyar dama, yanzu sallah ma sai a kan kujera. Diklofenak ta sha har ya fara ƙona mata ciki, in abin ya yi tsanani kuma sai yara su sayo mata tramol wurin masu tebur. To yayanmu ya dawo daga Kano da wata ƴar na'ura, ba ta fi tafin hannu ba, da pil take aiki, tana da waya biyu da faci huɗu masu ɗanko da ake liƙawa a fata. An rubuta TENS a jikinta. Ya ce wuta take sakawa kaɗan-kaɗan ta kashe ciwon. Ni gaskiya raina bai kwanta da sa wa tsohuwa wutar lantarki ba. Wanda ya san abin ya taimaka mana don Allah.

Ɗan Bagalam: Wa'alaikumus salam. Maman Hafsa, ki yi hattara. Irin waɗannan kaya sun cika gari. Kwanaki na tsaya wurin wani mai talla da lasifika a bakin kasuwa, yana cewa na'urarsa tana warkar da ciwon suga, hawan jini, sanyin ƙashi, har da rashin haihuwa. Wani dattijo daga ƙauye ya kwance bakin aljihu ya ƙirga masa kuɗin gero buhu guda a gabana. Tun ranar abin yake ci mini rai. Abin da aka ce yana maganin komai, ba ya maganin komai.

Malam Kine: Ɗan Bagalam, a kan mai lasifika ka yi gaskiya. Babu na'urar da ake liƙa wa fata ta sauke suga ko ta daidaita hawan jini, wanda ya faɗi haka kuɗinka yake so. Amma ita TENS kayan aikinmu ce, muna amfani da ita a ɗakin kine, wato sashen asibiti da ake jinya da tausa da motsa jiki, kuma tana da tushe.

Ga yadda abin yake. A jikin mutum akwai jijiyoyi masu kauri da ke kai labarin taɓi da shafa, akwai kuma sirara masu kai labarin zafi da ciwo. Dukansu a laka suke haɗuwa, cikin ƙashin baya, kafin saƙo ya hau zuwa ƙwaƙwalwa. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack ɗan Kanada da Patrick Wall ɗan Ingila, suka kawo bayanin cewa a wannan mahaɗa akwai abin da suka kira ƙofa: in masu kaurin suna aiki sosai, sai su rage wa saƙon ciwo hanyar wucewa. Shi ya sa in ƙaurinki ya bugi turmi, kafin ki yi tunani hannunki ya kai wurin kina murzawa, kuma kina jin sauƙi. Na'urar murzawar nan take yi da ƴar wuta, ba tare da hannu ya gaji ba. In an sa ta tana bugu da sauri, kamar 80 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya, mutum yana jin tsiri-tsiri a fata. In an sa ta a hankali, bugu 2 zuwa 4, nama yana ɗan motsawa, kuma wannan yana taimaka wa jiki ya saki nasa sinadaran rage ciwo.

Abin da nake so ki riƙe shi ne ba ta gyara ƙashi, ba ta mayar da faifan baya da ya goce. Ciwo take lafarwa lokacin da take kunne, wani lokaci da ɗan lokaci bayan an kashe.

Nana Ɗalibar Likita: Malam Kine, ku yi mini afuwa, ni ƙarama ce a nan, amma akwai abin da ya kamata jama'a su ji. A watan Disamba na 2023 OMS, wato Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fitar da jagora a kan ciwon baya mai daɗewa, wanda ya wuce wata uku ba a gano wata cuta takamaimai da ta kawo shi ba. A ciki ta sa TENS cikin abubuwan da ta ce kada a mayar da su maganin yau da kullum, tare da bel ɗin ɗaure ƙugu da jan baya da inji da magunguna dangin tramol. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ita ma tun 2016 ta ce kada a ba da ita don ciwon baya. Mutum miliyan 619 aka ƙiyasta suna da ciwon baya a duniya a 2020, saboda haka ba su yi maganar da wasa ba. In manyan hukumomi biyu sun ce hujja ba ta isa ba, ta yaya za mu ce wa Maman Hafsa ta dogara da ita?

Malam Kine: Nana, babu afuwa a cikin gaskiya, abin da kika kawo haka yake. Sai dai ki duba tambayar da kowa ya yi. Su hukumomin suna tambaya ne: in an ba dubban mutane wannan abu, bayan watanni za a samu bayansu ya fi na waɗanda ba a ba ba? A nan hujja ta yi rauni, binciken da yawa ƙanana ne, wasu kuma wutar da aka sa wa mutane ba ta kai ƙarfin da za ta yi aiki ba. Amma a 2022 Farfesa Mark Johnson na Leeds da abokan aikinsa sun tattara gwaji 381, suka samu cewa lokacin da na'urar take aiki, ko da zarar an gama, ciwo yana raguwa fiye da na waɗanda aka sa wa ta bogi. Maganganun biyu ba su ci karo ba. Ni abin da nake nema daga gare ta bai wuce wannan ɗan sauƙin ba, don cikin wannan rabin awar ne tsohuwa za ta yarda ta miƙe, ta taka zuwa ƙofar gida, ta yi motsin da na koya mata. Motsin nan kuwa shi ne OMS ɗin ta sa a gaba, tare da wayar wa mara lafiya kai game da ciwonsa.

Nana Ɗalibar Likita: Na yarda da wannan bambanci, Malam. Tsorona kawai, a gidajenmu ba haka ake yi ba. Za a liƙa wa tsohuwa faci ta kwanta a kan tabarma wuni guda, a ce ana magani.

Malam Kine: Wannan kam yana faruwa, kuma in haka za a yi gara ba a saya ba.

Baba Manjo: Ƴaƴana, kun yi nisa a kan na'ura, ba wanda ya tambayi ciwon. Na yi aikin jinya har na ajiye, kuma abin da ya fi tsorata ni da duk wani abu mai lafar da ciwo, ƙwaya ce ko wuta, shi ne yana rufe bakin cuta tana ci gaba da ci. Na ga mutumin da ya yi watanni ana masa tausa da sakiya, ashe tarin fuka ne ya kama masa ƙashin baya. Da aka kawo shi ƙafafu sun riga sun mutu, bayansa ya yi ƙusumbi. Da an gano da wuri, maganin tarin fuka ne kawai, kuma ana ba da shi a asibitocinmu.

Maman Hafsa, ɗiyata, amsa mini waɗannan. Tana ramewa? Tana zazzaɓin dare ko gumi mai jiƙa zane? Ciwon yana tashe ta daga barci ko da ba ta motsa ba? Ƙafar tana rauni, tana jan ta, ko takalmi yana fita ba ta sani ba? Fitsari ko bayan gida yana kufce mata, ko tsakanin cinyoyinta ya mutu ba ta jin taɓi? In ko ɗaya daga cikin na ƙarshen nan ya faru, ba maganar gobe ba ce, yau za ku kai ta babban asibiti.

Maman Hafsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Ba ta rama ba, ba zazzaɓi, fitsari ma lafiya lau. Amma ta ce babban yatsan ƙafar dama yana mata kamar ba nata ba, kuma tana da hawan jini.

Baba Manjo: To wannan yatsan sai likita ya gani kafin komai, alama ce ta jijiya da aka danne. Kuma mai hawan jini da shekaru, ga ciki yana ƙuna, a dakatar da diklofenak ɗin nan har likita ya duba ta. Yana huda ciki, yana cin ƙoda, balle a zafin Maradi da mutum ba ya shan ruwa isasshe. Tramol na tebur kuwa ku raba ta da shi. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, wanda ke yawo a gari ana samun mai 120 har 225, kuma ba ka san abin da ke ciki ba. Yana kawo jiri da faɗuwa ga tsoho, yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma jiki yana kama shi. In ta saba sha kullum kada ku yanke mata rana ɗaya, likita zai rage mata sannu-sannu. In na'urar za ta sa ta rabu da wannan ƙwaya, ni zan fi kowa murna da ita, amma bayan an duba ta.

Malam Na Madarunfa: Ina bin zancen nan tun ɗazu, kuma ya tuna mini da minjirya, kifin nan mai jan mutum in ya taɓa shi. Masuntan kogin Kwara da na tafkin Cadi sun san shi sarai. Ko wutarsa irin wannan ce?

Nana Ɗalibar Likita: Malam, kun taɓo tarihin abin. Mutanen Masar na dā sun zana minjirya a bangon kaburburansu. Kuma wani likitan Rum mai suna Scribonius Largus, a ƙarni na farko bayan Annabi Isa, ya rubuta cewa a ɗora wa mai ciwon kai wani kifin teku mai wuta, mai ciwon gaɓoɓin ƙafa kuma ya taka shi a bakin ruwa har ƙafar ta yi sanyi. Bambancin kawai, kifi ba shi da maɓallin ragewa.

Ɗan Bagalam: To in wuta ce kawai, me ya sa za a kashe kuɗi? Wani maƙwabcinmu ya ce shi da raket ɗin kashe sauro yake ɗana wa gwiwarsa, wani kuma na ji yana zancen batirin mota.

Injiniya Mai Rediyo: Subhanallahi. Ɗan Bagalam, don Allah ka je ka hana shi yau ɗin nan. Ni gyaran kayan wuta nake ci da shi, na buɗe irin na'urorin nan na gani. Abin da take fitarwa bugu ne gajere ƙwarai, kowane ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma an yi mata iyaka yadda ƙarfin ba zai wuce wasu gomomin miliyampa ba. Raket ɗin sauro tara wuta yake yi ya sake ta gaba ɗaya, ƙona fata zai yi. Wutar gida kuma bolt 220 ce, ba ta tsayawa, in ta ratsa ƙirji kaɗan daga cikinta ya isa ya rikita bugun zuciya. Kada kowa ya haɗa wani abu da kansa. Kuma masu irin wadda ake caji, ku cire ta daga soket kafin ku liƙa a jiki. Cajojin da ke kasuwarmu da yawa ba su da kariya, in wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ba ka san abin da zai biyo waya ba.

Malam Kine: Injiniya ya gama magana. Bari in ƙara wuraren da ba a sa ta ko da mai kyau ce. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, ba shi ba ita. Ba a liƙawa a gaban wuya, don akwai wurin da ke sarrafa hawan jini da bugun zuciya a nan, mutum yana iya suma. Ba a sawa a ido ko a kai, ba a sa faci ɗaya a ƙirji ɗaya a baya wuta ta ratsa tsakani. Ba a sawa a kan gyambo ko ƙuraje, ko kan kumburin daji, ko ƙafar da jini ya daskare a jijiyarta. Mai farfaɗiya sai da izinin likitansa. A banɗaki ko da jiƙaƙƙen jiki ba a kunnawa.

Amaryar Zariya: Malam, mai ciki fa? Kuma ƙanwata tana shan wahalar ciwon mara duk wata, har makaranta take fashi.

Malam Kine: Mai ciki kada ta sa a ciki ko a ƙugu sai ungozoma ko likita ta ce. Ciwon mara na al'ada kuwa yana cikin wuraren da binciken ya fi nuna amfaninta, da bugu mai sauri, faci a ƙasan cibiya ko a ƙugu. Amma in ciwon yana ƙaruwa shekara bayan shekara ko jini ya yi yawa, a kai ta a duba mahaifa.

Hajiya Mai Atamfa: Sannunku da ƙoƙari. Ni ta Alhaji nake tambaya. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, yanzu da dare tafin ƙafafunsa suke ƙuna kamar ya taka garwashi, ko zanen gado ba ya so ya taɓa su, amma da rana ƙaya ta soke shi bai ji ba sai da muka ga jini a takalmi. Wani abokin kasuwancinsa ya ce a Indiya ana dasa wata na'ura cikin baya ciwon ya ɗauke gaba ɗaya. Alhaji har ya fara zancen sayar da fili. Ku gaya mini gaskiya.

Malam Kine: Hajiya, ranki ya daɗe, da farko dai kada a liƙa masa faci a inda ba ya ji. Ƙarfin na'urar da jin mutum ake auna shi, wanda fatarsa ta mutu zai yi ta ƙarawa har ta ji masa rauni, kuma rauni a ƙafar mai suga kin san inda yake kaiwa. In za a gwada, sai a sama, inda jinsa yake daidai, kuma a hannun wanda ya iya. Kowane dare ki haska tocila ki duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Na dasawar, Nana ta fi ni karatunsa.

Nana Ɗalibar Likita: Hajiya, abin da aka gaya wa Alhaji akwai shi, amma ba kamar yadda aka faɗa ba. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Amurka, Norman Shealy, shi ya fara dasa ta a 1967. Ana zura siririyar waya ta kwanta kusa da laka, a binne batir ƙarƙashin fata wajen ƙugu, mutum yana riƙe da abin sarrafawa a hannu. Kafin a dasa ta dindindin ana gwaji na kamar mako guda da batir a waje, in ciwon bai ragu da kusan rabi ba, ba a ci gaba. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'inta don irin ciwon ƙafar masu suga, ga waɗanda magani ya kasa. Ke nan ba ƙarya ba ce.

Ga ɗaya gefen kuma. A 2022 an yi gwaji a Norway da mutum 50 masu ciwon da ya ƙi tafiya bayan tiyatar baya, ana kunna musu ta gaske wani lokaci, wani lokaci ta bogi, ba su san wacce ba ce. Ba a ga bambancin kirki ba. A 2023 ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana tantancewa, ta duba binciken da aka yi a kan ciwon baya, ta ce ba a nuna amfani mai ɗorewa da ya kai kuɗin da haɗarin ba. Kuɗin dubban daloli ne masu yawa. Waya tana iya gocewa daga wurinta, wurin yana iya ruɓa, mai suga kuma ya fi kowa saurin wannan, batir yana ƙarewa a sake yanka. Duk wanda aka dasa wa yana bukatar likitan da ya san na'urar kusa da shi shekara da shekaru. In ta samu matsala cikin dare a Maradi, wa za a kira? Ni da a ce Alhaji mahaifina ne, zan roƙe shi ya bar filinsa. A fara daidaita sugan, kuma akwai magungunan ciwon jijiya irin su amitiriftilin da gabafentin da likita yake rubutawa, waɗanda ba su da alaƙa da diklofenak.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Zan karanta masa da bakina in ya dawo daga masallaci.

Ɗan Bagalam: Ni dai har yanzu ban ga abin da zai sa talaka ya sayi abin da OMS ba ta yarda da shi ba. Kuɗin ya sayi kifi da ƙwai ya ci ya fi masa.

Baba Manjo: Ba ka yi laifi ba, ɗana. Wanda bai da ita kada ya ci bashi don ita. Wanda kuma take hannunsa, likita ya duba shi ya ce ba haɗari, ban ga dalilin hana shi ba, don illarta in an bi ƙa'ida ba ta wuce jan fata da ƙaiƙayi a wurin facin.

Direban Jibiya: Malam Kine, ni kullum ina hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa zuwa Jibiya, wani lokaci har Katsina. Kafin in kai iyaka ƙuguna ya riƙe, sai na dafa ƙofa nake fita daga mota. Gaskiya tramol nake haɗiya da shayi da safe, yawancinmu a tasha haka muke yi. In na samu na'urar nan zan iya liƙa ta ƙarƙashin riga ina tuƙi?

Malam Kine: A'a, direba, kana tuƙi ba a kunnawa. Rami ɗaya za ka faɗa faci ya ɗaye rabi, wutar ta taru a wuri ɗaya ta fizge ka, ga fasinjoji a bayanka. Tramol ɗin ma da sitiyari ba sa haɗuwa, ka karanta abin da Baba Manjo ya rubuta a sama, ka je a rage maka shi a hankali.

In ka samu na'urar, lokacinta shi ne kana jiran lodi a tasha ko ka dawo gida. Ka wanke wurin ka goge gumi da ƙura, kada ka shafa mai ko man zafi, in ba haka ba ɗankon ba zai kama ba. Faci biyu a gefen ƙashin baya, dama da hagu, wurin ciwon yana tsakaninsu, da tazarar kamar yatsu uku. Tana kashe za ka liƙa, sannan ka kunna ka riƙa ƙarawa har ka ji ta da ƙarfi amma ba ta yi maka zafi ba. Bayan ƴan mintoci za ka ji kamar ta ragu, jiki ne ya saba, sai ka ɗan ƙara. Minti 30 ya isa a zama ɗaya, kuma kana iya tsayawa ko takawa da ita a aljihu, hakan ma ya fi kwanciya. Ka riƙa sauya saurin bugun da wurin facin daga rana zuwa rana. In ka gama ka kashe kafin ka ɓamɓare, ka mayar da facin kan ledarsu, kada ka bar su cikin mota a rana, zafi yana kashe ɗankon. Facin mutum ɗaya ne, ba a karɓa-karɓa da shi a tasha.

A hanya kuma, ka nannaɗe tawul ka sa a bayan ƙugunka, ka matso da kujera yadda ba sai ka miƙe ƙafa kafin ka taka kuloci ba, ka fitar da walat daga aljihun baya. Duk inda aka tsayar da ku a shinge, ka fito ka dafa ƙugu da hannu biyu ka ɗan lanƙwasa baya a hankali sau biyar ko shida. In ciwon ya fara sauka ƙafa ko ƙafar kuloci ta fara nauyi, ka ajiye mota ka zo a duba ka.